Kotu ko masu sasanci: amsa ga mai fitar da riɗi

Alhaji, ka tambaya ko kotu ko masu sasanci za ka sa a takardar cinikinka da mutanen Chaina don raba gardama in rigima ta taso. Masu sasanci za ka sa, wato waɗanda kai da abokin cinikinka kuka amince su yanke muku hukunci a wajen kotu.

Na taɓa tura kwantena goma na riɗi, mai saye ya ce wai akwai danshi da tsakuwa, ya riƙe rabin kuɗina. Wata uku ban yi barcin kirki ba. Waɗanda suka ba ni kaya bashi kullum suna ƙofar gidana tun daga sallar Asuba. Allah Ya cece ni da layi biyu da lauyana ya nace sai an rubuta: in rigima ta taso, a Singafo za a raba gardama, ba ƙasata ba, ba tasa ba. Mutum ɗaya aka naɗa mana, ya duba takardar gwajin kayan da aka yi kafin loda jirgi, ya saurare mu ta bidiyo, ya yanke hukunci mai sayen ya biya ni. Ranar da kuɗin suka shigo, wallahi sai da na yi sujada a shago.

Abin da ya sa mutumin ya biya, yarjejeniyar New York ce ta 1958. Ƙasashe sama da 170 na cikinta, har da Najeriya da Chaina, kuma kotunansu na zartar da irin wannan hukunci. Sasancin akwai tsada, da dala ake biya, amma ai gara hakan da asarar uwar kuɗi.

Kotu kuwa, ko ka ci shari'a a gida, dukiyar abokin rigimarka tana can ƙetare.

Sai kuma gargaɗi, ko da ba ka tambaya ba. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai kai maka ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Geneva, ɓarawo ne. Gwamnatoci kaɗai ke kai ƙara can. Su ma sai sun yi kwana 60 suna tuntuɓar juna kafin a kafa kwamitin shari'a, ga shi sashen ɗaukaka ƙara ya tsaya cak tun Disamba 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sabbin alƙalai. Rigimar Amurka da Tarayyar Turai kan tallafin da ake ba kamfanonin ƙera jiragen sama na Boeing da Airbus tun 2004 aka fara ta, sai 2021 aka tsagaita.

Kafin ka sa hannu, lauyanka ya rubuta garin da za a zauna, da harshen da za a yi magana, da dokar ƙasar da za a bi.