Shagon lasifika na gilashi a hanyar Spintex: kaya na gaske, ɗaki mai yaudarar kunne

Wanda ya zana wannan shago ya kalli hotunan hedikwatar kamfanin Shure mai ƙera makirufo da ke Niles, kusa da Chicago a Amurka, wadda Helmut Jahn ya zana. Abin da ya ɗauko ke nan: ƙarfe, gilashi tun daga ƙasa har sama, kankare tsirara ba fenti. Daga titi gwanin sha'awa. Sai dai a can gilashin na ofisoshi ne, makirufo kuwa a wani ɗaki na daban ake gwada shi, wanda aka liƙe da abin shanye sauti. A nan Accra, a cikin gilashin ake kunna wa mai saye lasifika.

Zauren gwajin zai kai mita 10 a tsawo, 6 a faɗi, 4 zuwa silin. Gilashi da tayil da kankare ba sa shanye fiye da kashi 5 cikin ɗari na sautin murya, sauran dawowa yake yi. A irin wannan ɗaki amsa-kuwwa kan wuce sakan 2 kafin ta mutu, alhali ɗakin saurare bai kamata ya wuce rabin sakan sosai ba. Tafa hannu sau ɗaya tsakanin bangon gilashin da na kankaren da ke fuskantarsa, za ka ji wata ƙara "trrr" tana bin tafin. Illar ita ce ƙaramar lasifika mai inci 10 sai ta cika ɗakin kamar babba. Ka kai ta filin awure a Nima ko wajen maulidi a Sabon Zango, inda ba bangon da zai taya ta, sai ka ji ta shaƙe. Mai neman na masallaci ya fi kowa shiga uku, don shi fitar harafi yake nema, kuma a wannan zaure ko lasifika mai kyau cakuɗa kalmomi take yi.

Gyaran ba wuya. Allunan rockwool (audugar dutse mai shanye sauti) masu kaurin santimita 10, a rufe su da yadi mai barin iska ta wuce, kimanin murabba'in mita 65, rabi a silin, saura a bangon kankaren. Labule mai nauyi a gefen gilashin. Soson nan mai kama da kwalin ƙwai da suka manna a kusurwa ɗaya ado ne kawai, siririyar murya yake kamawa, bas ko a jikinsa.

Gilashin ma yamma yake kallo. Daga ƙarfe biyu rana ta shigo, iyakwandishan ya dage, gurnaninsa ya hau kan abin da kake saurare. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana makarantu a ƙasar nan a shekarun 1950, da baranda da bulo mai huda suke tare rana.

Kayan kam ba laifi. Makirufonsu na Shure samfurin SM58 a kan sikeli yana ba da giram 298 ɗin da ya kamata, jabu sau da yawa bai kai ba. Ma'aikatan sun san aikinsu: ba sa bari ka haɗa lasifika uku masu om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) kai-tsaye a baki ɗaya na amfilifayar da ba ta jure ƙasa da om 4, don haɗinsu ƙasa da 4 yake saukowa, suna ba da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga layi mai nisa, kuma suna tuna maka sitabilaiza saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan dumsor, wato ɗauke wuta.

Ka zo da safe, da karatu ko wa'azin da kunnenka ya saba da shi a waya. Ka roƙi a fito da lasifikar wajen ajiye motoci, ka ja baya taku ashirin ka saurara. Suna yarda, sai dai ba sa faɗa sai an tambaya.