Ajin masu juna biyu na kuɗi a Katsina: ranar mazaje ta biya ni, wayarsu ta ƙona mini rai

Na yi arba'in, na dawo ɗakina, sai yanzu na samu zama in amsa wa masu tambayata game da ajin masu cikin nan na kuɗi da na shiga. Ba zan kama suna ba. Duk wadda ta yi goyon ciki bana a cikin garin Katsina ta san wurin, ta kuma san abin da ake biya, ba kuɗin da za ki ba da ki manta ba ne.

Awo dai ina zuwa asibitin gwamnati, ban taɓa fashi ba. Amma kun san yadda yake: ki fito tun da sassafe ki ajiye kati, sai rana ta take a zo kanki, a auna nauyi, a ɗaura miki abin awon jini, a taɓa ciki, a miƙo ƙwayar ƙarin jini da Fansidar ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sai mai bi miki. Ban ga laifin ma'aikatan ba, mu ne muka yi musu yawa. Ni kuma cikin fari ne, bakina cike da tambayoyin da ba zan iya yi wa Mama ba saboda nauyi. Wurin da zan yi tambaya ba a harare ni ba, shi na je saya.

Sistar da ta fara ɗaukar mu dattijuwa ce, ta daɗe a ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya. Tun ranar farko ta ce ajinta ba ya maye gurbin awo, ta ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo aƙalla sau 8, ba 4 ba kamar da. A mako na uku ta ce kowace ta zo da mijinta. Maigidana ya ce shi ba zai zauna cikin mata ana zancen haihuwa ba. Sai da na yi kwana biyu ina lallashi. Mu 12 ne a ajin, maza 5 suka zo, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Ba ta yi musu wa'azi ba. Na'urar awon jini ta ɗauko ta danƙa wa na farko, ta ce, "Alhaji, ɗaura wa iyalinka, ka karanta mini abin da ka gani." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya ɗaura a juye, ta gyara masa hannu ba tare da ta kunyata shi ba. Ta ce lambar sama in ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a tafi a nuna wa likita, in kuwa da ciwon kai a tare, wannan ba na jiran safiya ba ne. Sannan ta sa su maimaita alamomin haɗari da baki kamar 'yan makarantar allo: zubar jini, ciwon kan da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, faya ta fashe kafin lokaci, ɗa ya rage motsi. Ta tambayi kowa motar wa zai nema da tsakar dare, wa zai ba da jini in an buƙata, ya ma san rukunin jinin matarsa? Babu wanda ya sani a cikinsu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce, "In za ku yi tafiya, ku bar izini a gida." Ta ce su je asibitin Babbar Ruga da ke Katsina su ga masu yoyon fitsari, doguwar naƙuda ce ta kai mafi yawansu can, wata kuma tana durƙushe ana jiran maigida ya dawo ya ce a tafi. Ɗakin ya yi tsit. A hanyar komawa bai ce mini komai ba, ya dai tsaya a kemis ya sayi na'urar.

Ina mako na 35, daren wata Alhamis, kaina ya ɗauki sara tun magariba. Na zo cire zobe zan yi alwala ya ƙi fita. Da na kalli ƙwan lantarki sai in ga wasu ƙyalli-ƙyalli suna yawo. Hajiyarsa tana gidan a lokacin, ta dube ni ta ce, "Mi ye abin tashin hankali? Kowace mai ciki tana kumbura in wata ya kusa. Ki kwanta, ɗiyata, da safe ya faɗa." Da zuciya ɗaya ta faɗa, haihuwa tara ta yi a ɗakinta. Ni ma na so in kwanta ɗin. Shi ne ya ɗauko na'urar ya ɗaura mini, wannan karon daidai, ta nuna 165 bisa 110. Ya sake, haka dai. Mutumin da ban taɓa jin ya musa wa mahaifiyarsa ba ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba na jiran safiya ba ne." Maganar Sista ce ta fito daga bakinsa yadda ta faɗe ta. A asibiti aka gwada fitsari, aka yi mini allurar nan mai zafi ta hana jijjiga, likita ya ce da mun kwana a gida Allah kaɗai ya san yadda za a wayi gari. Bayan kwana biyu aka yi mini aiki aka ciro 'yata, ƙarama amma da kukanta. Don wannan ranar ta mazaje kaɗai, ko ninki biyu suka ce in biya zan biya, kuma ina yi wa baiwar Allahn nan addu'a duk sallah.

Sai dai ina rubuta wannan raina yana sake ɓaci, don akwai abin da ban yafe ba. Ranar da muka biya kuɗi an ba mu lambar waya, aka ce dare ko rana mu kira, yana cikin abin da muka saya. A cikin mota, kaina kamar zai tsage, na kira sau bakwai. Tana shiga, ba a ɗauka. Na tura saƙo ta WhatsApp. Washegari da hantsi, ina kwance da ƙarin ruwa a hannu, saƙo ya shigo daga lambar, na ɗauka jikina za a tambaya. Tallar akwatin kayan haihuwa ce, wai an yi ragi.

Kuma da na zauna na tuna, makonni biyun ƙarshe ma ba Sista ce ta ɗauke mu ba. Wata yarinya aka turo ta kunna mana bidiyon Turawa suna zaune kan ƙatuwar ƙwallo suna numfashi, rabin lokacin kuma ya tafi a tallar magungunan ƙarin kuzari. Zancen tiyata ko sau ɗaya ba a yi mana ba. Wata ta tambaya, aka ce kar ta kira wa kanta, da kanta za ta haihu in sha Allah. To ni ga shi an yi mini, na shiga ɗakin ban san za a yi mini allura a baya ina ji ina gani ba, ban san yaushe zan tashi ba, ban san yadda zan riƙe jaririya in ba ta nono da ɗinki a mara ba. Dakashi kam sun koya mana kar a matse a zubar, na gode. Amma wankan jego da kunun kanwa, abin da kowace 'yar Katsina za ta tarar a gida, an tsallake shi kamar babu. Likita ya hana ni kanwa da yawan gishiri saboda hawan jinin, ni kaɗai na yi ta fama da kakata a kan kofin kunu, ina kuka tana kuka.

Matar ƙanin maigidana tana da na wata huɗu, ta tambaye ni ko ta shiga. Na ce ta fara tambaya ko dattijuwar nan tana nan, in tana nan ta ja mijinta ko da rigima. Lambar tasu kuwa na ce kar ta wahalar da kanta ajiyewa, na ba ta ta direban da ke maƙwabtaka da su.