Gargaɗi Kan Mai Tallan Hutun Mako Biyu A Italiya Da Suwizaland

Jama'a, don Allah duk wanda ya ci karo da tallan nan da ke yawo a Instagram da zaurukan WhatsApp, na hutun mako biyu a Italiya da Suwizaland, wai an haɗa biza da jirgin sama da otal da jirgin ƙasa da motar haya a kuɗi ɗaya, ya dakata kafin ya tura ko sisi. Mai shafin ya cinye wa ƙanin matata kuɗin da ya daɗe yana tarawa don ya fita da iyalinsa, kuma da asiri ya tonu muka tarar ba shi kaɗai aka yi wa ba. Ba zan kama sunan shafin ba, maganar tana hannun hukuma, kuma ya riga ya sauya suna. Abin da zai amfane ku shi ne sanin yadda yake aikin.

Wannan ba irin ɓarawon da ke kashe waya da zarar kuɗi sun shiga ba ne. Rabin kuɗi yake fara karɓa, kashegari ya turo maka takardu masu kyan gani. Ta jirgin sama tana ɗauke da lambar ajiyar kujera mai haruffa shida, kuma lambar ta gaske ce: ka shiga shafin kamfanin jirgin ka sa ta, sunanka zai fito. Nan hankalin mutum yake kwanciya ya tura cikon. Abin da ba a gaya maka ba shi ne kujerar riƙe ta kawai aka yi, ba a biya ba, kuma bayan ɗan lokaci kamfanin zai sake ta. Tikitin da aka biya yana da lambarsa daban mai alƙaluma 13. In babu ita, ba a saya maka komai ba. Otal ma haka: a shafin kama otal na Booking.com akwai ɗakunan da ake kamawa ba tare da biya ba, a soke kyauta. Yana kamawa, ya ɗauki hoton takardar ya turo maka, daga baya ya soke abinsa.

Wajen motar haya ne ƙaryar ta fi fitowa fili, ga wanda ya san harkar. Ya ce wa ƙanin matata: "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, komai an biya har kuɗin ajiya, mabuɗi kawai za ka karɓa." Wannan ba ya yiwuwa. Manyan kamfanonin hayar mota a Turai a kan kanta suke riƙe kuɗin ajiya, ranar da za ka ɗauki motar, daga katin bashi mai ɗauke da sunan wanda zai tuƙa. Wani ba ya biya maka shi daga Kano ko Abuja, kuma sau da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi irin wanda yawancinmu ke riƙewa. Sannan a Italiya mai lasisin ƙasar da ba ta Tarayyar Turai ba ana neman ya haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Ko sau ɗaya mutumin nan bai ambaci wannan ba. Bai kuma tambayi wace irin mota Alhaji ya iya tuƙawa ba, alhali yawancin motocin haya masu sauƙin kuɗi a can masu giyar hannu ne.

Da na karɓi jadawalin tafiyar na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai, don duk wanda ya rubuta shi bai taɓa taka ƙasar ba. Ya rubuta cewa za su tuƙa mota har ƙofar otal a tsakiyar Venice. Tsohon garin Venice a kan ruwa yake, mota iyakarta Piazzale Roma ko wurin ajiye motoci na Tronchetto, daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa. Ya sa su yawo da mota a tsakiyar Florence, inda akwai unguwannin da ake kira ZTL, waɗanda baƙuwar mota ba ta shiga sai da izini. Kyamara ce ke ɗaukar lambar motar, tarar ta biyo ka bayan ka dawo gida, kamfanin hayar kuma ya ciri nasa ladan a katinka. Ya ce a ɗauki motar a Florence a ajiye ta a Zurich "ba ƙarin kuɗi", alhali ajiye mota a wata ƙasa daban yana da caji mai nauyi, kuma hawa manyan titunan Suwizaland sai da shaidar biyan kuɗin hanya ta faran 40, kuɗin ƙasar.

Na jirgin ƙasa kuwa hoton katin Interrail ya turo, wato katin da ake saya a riƙa shiga jiragen ƙasa da shi a ƙasashen Turai. Interrail na mazauna Turai ne, mu baƙi Eurail ne namu. Ko Eurail ɗin ma ba shi ke nan ba: jirgin Frecciarossa mai gudu, wanda ke kai mutum daga Roma zuwa Florence cikin kamar awa ɗaya da rabi, sai ka kama kujera daban ka biya, jiragen kamfanin Italo kuma ba sa cikin katin sam.

Asarar kuɗi da ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bizar. Da waɗannan takardu aka shigar da neman bizar Schengen ta gidan gaba ɗaya, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum ƙasashen Turai da yawa, har da Italiya da Suwizaland. Kuɗinta tun watan Yunin 2024 yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma ba a mayarwa. An hana su. Hana biza ba ya tsayawa a ofishi ɗaya, yana shiga rumbun bayanan da ƙasashen Schengen ke amfani da shi tare, ya zauna shekara 5. Mutumin kirki, ɗan kasuwa mai halalinsa, yanzu duk inda ya sake nema sai an ga wannan tabon, shi kuwa wanda ya jawo yana can yana neman wani.

Bai ma ji kunya ba. Cewa ya yi laifin ofishin jakadanci ne, a ƙaro kuɗi ya ɗaukaka ƙara, yana da "mutuminsa a ciki". A nan ne matar Alhaji ta ce a'a, ta sa ɗanta ya aika wa otal ɗin Florence saƙon imel. Amsar layi biyu ce: an kama ɗaki da wannan suna, an soke shi tun makonni da suka wuce. Da aka tura masa hoton amsar, bai ƙara ɗaga waya ba.

Ban ce duk masu shirya tafiye-tafiye haka suke ba. Akwai na gaskiya da yawa, masu ofis da rajistar CAC, 'yan ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye a Najeriya, wasu da shaidar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma irin wannan mutumin su ma ɓata musu sana'a yake yi. Na gaskiya ba ya jin haushi don ka ce za ka bincika. Wannan kuwa kullum cikin azalzala yake, "gurbi biyu suka rage, yau farashin zai tashi", kuma asusun da ya bayar na wani mutum ne daban, ba na kamfani ba. Farashinsa ma ya yi ƙasa da abin da tikitin jirgin sama da otal kaɗai za su ci. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In kun riga kun ba shi rabi, kada ku tura ciko. Ku nemi lambar tikitin nan mai alƙaluma 13 ku tabbatar da ita a wurin kamfanin jirgin, ku rubuta wa kowane otal da adireshin da kuka samo da kanku, ba wanda ke jikin takardarsa ba, kuma kada ku kai takarda ko ɗaya ofishin biza kafin amsa ta zo. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya je bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa, ya kai ƙara EFCC ko wurin 'yan sanda, ya adana duk hirarrakin WhatsApp da saƙonnin murya kafin a goge su. Lambar asusun da aka tura wa kuɗin ita jami'an suka fara tambayarmu.