Mai gyaran shafin intanet a Yaba: ya iya aiki, sai jan rai

Shadda da atamfa muke sayarwa a Agege, Legas. Jerin zaɓin shafinmu ba ya buɗewa sai an ɗora masa linzamin kwamfuta, shi ya sa wani dattijo makaho, tsohon abokin cinikinmu mai amfani da NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon kwamfuta, ya kasa kaiwa ga farashi.

Wani matashi a Yaba ya gyara mana. Yanzu da kibod kaɗai, Tab ya kai ka kan maɓallin jerin, Enter ya buɗe, Esc ya rufe ya mayar da kai inda kake. Ya sa aria-expanded, wata alama a lambobin shafin mai nuna halin da jerin yake ciki, manhajar kuma tana faɗin a buɗe yake ko a rufe. Na zare linzamin na gwada da kaina, lafiya lau.

Sai dai alƙawarin Talata ya koma Asabar, kuɗinsa kuma da tsada. A waya, TalkBack, mai karanta wa makafi allon Android, har yanzu yana tsallake rukunin leshi.