AGON: Na Shiga Neman Labari, Darar Madagaska Ta Riƙe Ni

Ƙanena ne ya saka mini wasan nan a tsohuwar kwamfutata. Ya ce, "Yaya, wannan irin naka ne, ba harbi ba tseren mota." Na ɗauka zolaya ce. Sai da na kwashe mako uku ina kwana a kansa na gane gaskiya yaron ya faɗa.

Sunan wasan AGON, kuma wanda ya ƙirƙiro shi ɗan ƙasar Hangari ne, Marosi Z. Tamás, wanda aka fi sani da Pierrot. Da waƙa ya fara yin suna a ƙasarsu, daga baya ya shiga tsara wasannin kwamfuta a kamfaninsa na Private Moon Studios, ya kuma taɓa rubutun littattafai. Kashin farko na AGON ya fito a 2003. Wanda na buga shi ne The Mysterious Codex na 2006, da ya haɗa kashi uku na farko wuri guda: Landan, Lapland da Madagaska.

Labarin a 1903 yake faruwa. Kai ne Farfesa Samuel Hunt na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wata tsohuwar takarda ta faɗo hannunka, ita ce ta ja ka yawon duniya neman wasannin allo na al'ummu. Kana tsaye wuri ɗaya, ka juya ka duba ko'ina, ka danna ka matsa gaba, ka buɗe aljihun tebur, ka karanta wasiƙu. Mai gaggawa kada ya soma. Ni kaina kashin Landan na bi shi ne kawai don in wuce, da ƙamus a gefena saboda Turancin turawan da.

A Lapland, ƙasar mutanen Sami a can arewacin Turai, aka gabatar mini da tablut, wasan da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya rubuta bayaninsa a tafiyarsa ta 1732. Sarki a tsakiyar allo da dogarai 8, mahara 16 sun kewaye shi, shi kuma neman hanyar tsira yake. Ya yi daɗi, amma bai hana ni barci ba.

Fanorona ta Madagaska ce ta kama ni. Allon layi 5 ne a kan 9, mahaɗa 45, kowa da 'ya'ya 22, gurbi ɗaya tak a tsakiya babu kowa. Ba a tsallake ɗa kamar a dirafti. Idan ka matsa ka tunkari ɗan abokin karawarka, ka cinye shi da duk waɗanda suka yi sahu a bayansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ja da baya ma ci ne: ka janye daga jikinsa, sahun nan ya tafi. Ni da na tashi ina kallon dattawa suna dara a ƙasa gindin darbejiya, da tsinke da tsakuwa, na shiga da taƙamar na san kan abin. Wasa na farko ɗa ɗaya na kwamfutar ya yi ta sauya hanya yana share mini gida, ina riƙe da kofin shayi har ya huce ban kurɓa ba. Dara ta ci gida. Sau tara aka lallasa ni kafin na ci ɗaya, shi ma ana gab da ɗauke wuta.

Sautin wasan kuwa, ka san kunnen mawaƙi ya bi ta kansa. Kiɗan ba ya tsawa, yana can ƙasa-ƙasa yana raka ka.

Akwai kashi na huɗu, na birnin Toledo a Sifaniya, wanda ya fito a 2008 da wasan allo mai suna alquerque. Ban kai gare shi ba tukuna. Na dai zana allon fanorona a bayan kwali, na tara murafun kwalba 44, ina jiran ƙanen nawa ya zo ranar Asabar.