Yaya, kafin ka yi wa akunka abokin zama

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali da yara baki ɗaya. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata man ƙafar da ta yi saƙo yana nan, ban manta ba. Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har sau biyu, don akun naka ya fi ka ɗaga murya a ciki. Tambaya biyu ka yi: ko ya dace ka ƙaro masa ɗan'uwa, da kuma ko zan iya riƙo maka ɗaya daga Landan idan zan zo.

Ta biyun ba ta da tsawo, amsarta a'a. Wannan aku mai launin toka da jan bindi, a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa shi cikin jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun daji masu fuskantar ƙarewa, tun farkon 2017 kuma aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A nan ko wanda aka ƙyanƙyashe a gida ba a sayar da shi sai da takardar shaida, da zobe a ƙafa ko ɗan ƙwayar lamba da ake sa masa a jiki. Kuɗinsa ya haura fam 1,000. Tsuntsun da asalinsa kurmin Kuros Riba ne da Kamaru da Kongo, a ce ni in saye shi a Turai in kai shi unguwar Mabera a Sakkwato, ai na zama mai kai gishiri Bilma.

Ta farkon ce ke da magana, kuma na taɓa shiga irinta. Ka san na saya wa 'yarka wani ɗan ƙaramin aku na Ostareliya da ake ce wa baji a nan, bai wuce tafin hannu ba. Shekara guda yana shi kaɗai. Ya saba da mu, yana hawa kafaɗa, har ya fara kwaikwayon sallama. Amma gidan nan ba irin namu ba ne. Da safe ni na fita, uwarsu ta fita, yara suna makaranta, sai la'asar ake dawowa. Tsuntsu ya yini da bango huɗu da ƙarar firiji. Muka lura ya rage kuka, ya yi ta zama gefen madubi yana yi wa hotonsa amai da abinci, yadda suke ciyar da abokin zamansu. Nan uwarsu ta ce a nemo masa na biyu.

Na je shagon tsuntsaye da niyyar in nuna da yatsa in biya in fito, kamar yadda za ka yi a kasuwa. Sai yarinyar shagon ta tsare ni da tambayoyi kamar mai neman aure ya zo gaban waliyyi. Na gida namiji ne ko mace? Shekarunsa nawa? Faɗin kejin nawa ne? Kana da keji na biyu? Kana da wani ɗaki da za ka ajiye sabon? Raina ya ɗan sosu, ni da kuɗina. Amma a bakinta na koyi cewa ana gane jinsin baji ta fatar da ke saman baki, wurin hanci: ta namiji shuɗiya, ta mace ruwan ƙasa ko fari-fari. Maza biyu sukan zauna lafiya, mata biyu sukan yi ta rikici kan wuri, namiji da mace kuwa sai ka shirya wa ƙwai. Da na nuna wani mai jan fuska, irin ƙananan nan na Afirka da ake sayarwa bibbiyu, ta ce sam, wannan zai iya cire wa nawa yatsa. Girmansu ya yi kusa, amma baki ba ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne killacewa. Sabon tsuntsu ba ya haɗuwa da na gida sai ya yi aƙalla kwana 30 a ɗaki daban, wasu ma sati shida suke cewa. Kwanon ci daban, na sha daban, ka fara kula da tsohon kafin sabon, ka wanke hannu tsakani. Dalili kuwa tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, don a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Akwai zazzaɓin aku, wanda har mutum yana kamuwa da shi ta ƙurar kashinsu, akwai kuma cutar da ke lalata gashi da baki wadda ba ta da magani. Sai na tuna tantabarunmu na soro lokacin muna yara, yadda za mu sayo biyu ranar kasuwa mu jefa cikin sauran a daren, bayan sati mu wayi gari muna kwasar gawa, mu ce iska ce. Ashe iskar a kwali muka ɗauko ta.

Zancen likita kuwa, nan aljihu ya ji jiki. Ba kowane likitan dabbobi ke duba tsuntsu ba, yawancinsu kare da kyanwa suka sani, sai ka nemi na musamman, ka yi waya a ba ka rana. Kuɗin gani kawai ya fi kuɗin tsuntsun. Maganin ƙwayoyin cuta ba a ba ka sai da takardar likita, babu zancen fasa kafso ja da rawaya a ruwan sha kamar yadda ake yi wa kaji. Har inshora ake yi wa aku. Ta wannan fuska kai ka fi ni sauƙi, tunda Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a cikin garin Sakkwato. Mu ne dai ba mu saba kai abin da bai kai tunkiya ba.

Ga abin dariya. Ka san abin da ake sayarwa a nan a matsayin kayan marmarin tsuntsu? Zangarniyar gero. 'Yan sirara, ba ma irin geronmu ba, an jera kaɗan a leda da hoton tsuntsu a jiki. Ni jikan manoma na tsaya a layi na biya fam na karɓi abin da ko kalar gona ba za a kira shi ba. Haka rana. Aku mai toka yakan yi fama da ƙarancin sinadarin ƙashi idan ba ya samun hasken rana, gilashin taga kuma yana tare amfanin hasken, don haka a nan fitila ta musamman ake saya a kunna masa. Kai kuwa hantsin Sakkwato kyauta, sai dai ka nema masa inuwa. Gero, dawa, gwaiba, mangwaro, karas, ganyen zogale, duk a ƙofar gida. Gyaɗa dai a rage, wadda ta yi fumfuna kuma kar ta kusance shi.

To bayan an gama killacewa, muka jera kejin biyu kusa da juna na 'yan kwanaki, sannan muka sake su a falo. Sun shirya. Yanzu tun asuba suke hira, ɗaya na yi wa ɗaya susa a ka. Sai dai na farkon ya sallame mu. Kafaɗar ma sai da cin hanci na gero yake hawa, sallamar da ya fara koya kuwa ta bi ruwa. 'Yarka ta yi kuka, ta ce mun yi mata kishiya.

Wanga shi ne abin da nake so ka duba, Yaya. Mutanen nan suna ƙara tsuntsu na biyu ne saboda gidajensu ba kowa da rana. Naka fa? A bakin zaure yake, almajirai na sallama, mai ruwa na shiga, yara na tsokanarsa, har kiran sunan Inna ya iya da muryarka. Wannan tsuntsu ba shi da kaɗaici. Idan ka kawo wani aku, ba ka da tabbacin za su shirya, don masu kishi ne, wanda ransa ya ɓaci kuma yakan koma fizgar gashin jikinsa. Irin naka kuma ba a gane mace da namiji da ido, a nan gashi ake cira a aika ɗakin gwaji. Mai sayarwa duk rantsuwar da zai yi maka, hasashe ne. Yawancin waɗanda ke zuwa kasuwanninmu daga daji aka kamo su, sun sha wuyar hanya, da yawa sun mutu kafin ɗaya ya iso. Kuma abu ne mai rai har shekara 40 ko 50, wato kana saya ne har da magada.

Idan kai ne ke marmarin ƙari, ba shi ba, to nemi wanda zai yi zamansa daban. Kanari namiji guda a kejinsa, can wani gefe, zai cika maka gida da waƙa ba ruwansa da kowa. Tsirya ma tana da kyau, amma ko da wasa kar ka haɗa su keji ɗaya, cizo guda na aku ya isa. Af, tsiryar nan tamu mai dogon bindi, garke-garke take yawo a lambunan Landan, ba mai ita, ta saba da sanyi. Ranar da na fara jin kukanta a Hyde Park sai da na tsaya na waiwaya, na ɗauka kunnena ne ke min gizo.

Ko ka koma wa tantabara, tunda soro na nan. A nan tun 1 ga Oktoba 2024 duk mai tsuntsu a waje, ko guda ɗaya ne, sai ya yi rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye, in ban da irin su baji da kanari da ba sa fita daga ɗaki. A Beljiyam kuwa an sayar da wata tantabarar tsere mai suna New Kim yuro miliyan 1.6 a 2020. Ka gaya wa masu kiwo na unguwa su daina raina sana'arsu.

Kowanne ka zaɓa, ka nisanta shi da hayaƙin turaren wuta da maganin sauro, na kunnawa da na fesawa, huhunsu ba ya ɗauka. Ka kuma hana yara ba shi fiya ko cakulan. Abin da zan iya riƙo maka shi ne kwanonin ƙarfe masu maƙalawa a keji da ɗan ma'aunin da ake auna tsuntsu, tunda rama ce alamar ciwo ta farko. Ka auno min tazarar wayoyin kejin ka turo, kar in sayo wanda ba zai shiga ba. Allah shi bar zumunci.