Shagon da ya samo mini rigar Wu Lei a Taminus

Na fi shekara ina neman rigar ƙwallo guda ɗaya tak a garin Jos, kuma duk shagon da na shiga tambaya ɗaya ake yi mini: "Malam, wane ne kuma wannan?" Rigar Espanyol nake so, mai ratsin fari da shuɗi, a bayanta lamba 7 da sunan Wu Lei. Wani matashi mai ɗan ƙaramin shagon kayan wasanni a wajen Taminus, in ka sauko daga titin Ahmadu Bello, shi ya share mini hawaye. Zan faɗi abin da na gani a wurinsa, mai daɗi da marar daɗi, saboda masu neman rigar da ba ta Madrid ko Chelsea ba.

Mikel ne ya ja ni zuwa ƙwallon Sin. Da ɗan garin namu ya bar Chelsea ya koma Tianjin a farkon 2017, sai na shiga duba sakamakon gasarsu a waya kowane mako. Ighalo ma yana Changchun a lokacin. A 2018 ina ta yi wa Ighalo fatan ya fi kowa cin ƙwallo, ya kuwa ci 21, amma wani siririn ɗan ƙasar, Wu Lei, ya sha gabansa da 27, ƙungiyarsa Shanghai SIPG ta ɗauki kofin gasar karon farko a tarihinta. Ga Hulk ga Oscar a ƙungiyar, mutanen da aka narka wa dukiya, amma ɗan gida ne ya fi su ganin raga. Tun daga nan sunan ya zauna mini. Da na bi tarihinsa, sai na ga a Nanjing aka haife shi a 1991, yana ƙarami aka kai shi makarantar ƙwallo ta Xu Genbao a tsibirin Chongming, kuma bai cika shekara 15 ba ya fara buga wasan manya a 2006. A Janairun 2019 ya tafi ƙungiyar Espanyol ta Sifaniya, a watan Maris ya ci Valladolid, ya zama ɗan Sin na farko da ya zura ƙwallo a La Liga.

Amma daren 4 ga Janairun 2020 ne ya sa nake son rigar. Wanda ya san hunturun Jos ya san yadda gidan kallo yake a irin wannan dare: kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, hannu a hammata, mai shayi a bakin ƙofa yana ta fifita gawayi. Barcelona na gaban Espanyol da ci 2 da 1, an kori ɗan wasan Barca De Jong da jan kati, saura minti biyu a cika casa'in. Wu Lei, da ya shigo daga benci, ya sulale ta hannun dama, Vargas ya zura masa ƙwallo, ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa ta wuce mai tsaron gida Neto ta faɗa can kusurwar nesa. 'Yan Barca suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Ni kuwa na miƙe tsaye, sanyin ma na daina jin sa. Ba wani ɗan Sin da ya taɓa cin Barcelona kafin shi.

To, shago. Abin da ya fara burge ni shi ne yaron bai yi mini dariya ba. Ya miƙo kujera, ya zaro waya, ya duba, sannan ya ce, "Baba, wacce kake so? Na ga da farko 24 yake sawa, daga baya ya koma 7." Gaskiya ne, a rabin kakarsa ta farko 24 ce a bayansa. Wanda zai tsaya ya tantance wannan kafin ya karɓi kuɗinka ya san sana'arsa. Ya kuma fito mini a mutum: ba ta kamfani ba ce, kwafi ce mai kyau, yayansa da ke sarin kaya a Guangzhou zai sa ta cikin kaya. Na ba da rabin kuɗi, ya rubuta mini rasit.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alƙawari. Mako uku ya ce, sai da aka yi bakwai. Jinkirin kaya ba laifinsa ba ne, wannan kowa ya sani, amma ko sau ɗaya bai kira ya ce ga halin da ake ciki ba. Sau uku ina hawa keke daga Bauchi Road zuwa Taminus don kawai in ji "sai wani satin". Kira na minti ɗaya ya isa ya hutar da ni.

Ranar da kaya suka iso, rigar babu rubutu ta zo, a shagon ake bugawa. Akwai injin yanka haruffa da wani mai dannawa da zafi a lungu, ƙaninsa ne ke kansu. Na fita sallar La'asar, kafin in dawo yaron ya riga ya danna: LEI, da manyan baƙaƙe, sai lamba 7. A tunaninsa sunan ƙarshe shi ne na dangi, yadda ake rubuta Messi ko Musa. Sinawa kuwa da sunan dangi suke farawa, Wu shi ne na gidansu, kuma a rigarsa ta Espanyol duka biyun ake rubutawa, WU LEI. Gabana ya faɗi, don na ɗauka shi ke nan an koma jiran wani mako bakwai. Sai mai shagon ya buɗe leda ya zaro ta biyu. Ashe duk rigar da ba a saba nema ba, biyu yake sa a kawo, saboda tsautsayi. Bai yi wa yaron tsawa a gabana ba, bai nemi in ƙara ko sisi ba. "Baba, yi haƙuri, asarar tawa ce," ya ce, ya tsaya da kansa ya jera haruffan da ma'auni, ya nuna mini kafin a danna. Wannan halin ne ya wanke mini haushin jinkirin.

Ita kanta rigar, yadinta mai laushi ne, ba ya riƙe gumi. Tambarin ƙungiya ɗinke shi aka yi, ba mannawa ba, har da alamar tafin dabba ta kamfanin Kelme a ƙirji. Na wanke ta sau shida, shuɗin bai zuba a kan farin ba. Sai dai bakin lamba 7 ya ɗan fara ɗagowa ta sama, don haka a juya ta ciki kafin wanki, kuma kada a ɗora dutsen guga a kan rubutun. A kuma ƙara lamba ɗaya a kan girman da aka saba sawa, don ɗinkin can matsattse ne.

Abokaina na gidan kallo suna cewa mutumin yana ɓarar da dama da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da nake ganin girmansa a kai daban ne. Da Espanyol ta faɗa rukuni na biyu a 2020 bai tattara ya gudu ba, ya zauna har suka ɗauki kofin rukunin suka dawo a 2021. Da zaman benci ya yi yawa ya koma gida a 2022, kuma a 2024, yana da shekara 32, ya ci ƙwallo 34 a gasar Sin, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a kaka guda.

Saboda wannan kakar na koma shagon makon jiya na ba da kuɗin jar rigar Shanghai Port, sunan da ƙungiyar tasa ke amsawa yanzu. Na ce masa wannan karon ya faɗa mini ranar gaskiya ko da wata biyu ne, ya yi murmushi ya adana lambata a wayarsa. Waccan mai LEI tana nan rataye a saman ƙofar shagon, ya ce mutum biyu sun riga sun tambaye shi ko rigar wane ce.